Kunne Ɗaya a Ƙasar Ƙanƙara

Akwai wani manomi a wani ƙauye tsakanin Ƙanƙara da Faskari, wanda ya shekara uku kunnensa na dama yana ƙugi, ji yana raguwa, in ya miƙe jiri ya ɗebe shi. Bayan an gaji da saiwa da rubutun sha, sai hoton asibiti ya nuna ƙari ne ya tsiro a jijiyar ji, watau ta takwas cikin jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Irin wannan ƙari ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa, amma in ya girma yakan danne tushen ƙwaƙwalwa. Aka sayar da shanun huɗa, aka yi masa aiki a wani babban asibiti, aka cire.

To, jijiyar da ke motsa fuska, ta bakwai, rami ɗaya take bi da ta ji a cikin ƙashi, don haka sau da yawa takan taɓu ko da likita ya ƙware. Ya farka baki a karkace, ido ɗaya ba ya rufuwa, har sai an liƙe shi da filasta in zai kwanta, don kada ya bushe. Da ya koma gida wani ruwa garau ya riƙa ɗiga ta hanci. Aka ce mura ce, alhali ruwan ƙwaƙwalwa ne, wanda kan buɗe wa sanƙarau ƙofa. Sai da aka mayar da shi asibiti. Mutanen gari kuwa cewa suka yi iska ta buge shi, abin da Bahaushe kan faɗa ke nan duk inda ya ga karkataccen baki.

Fuskar ta ɗan miƙe bayan watanni. Kunnen ne bai dawo ba, nan kuwa babbar asarar take. Da kunne biyu ake gane inda ƙara ta fito. Tun kafin daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, manomin wannan yanki da kunne yake noma: yana duƙe, yana sauraron babura. Shi wannan bawan Allah yana jin kukan babur sarai, amma ko daga gabas ne ko daga yamma, bai sani ba, balle ya san inda zai gudu.

Yanzu in zai tafi gona da jikansa ɗan shekara tara yake tafiya. Ba a ba yaron fartanya ba. Aikinsa ya zauna kan kunya, ya kasa kunne.