Ranar Da Na Bar Ƙanena A Gindin Doka



Ya kai mai karatu, in kai ɗan Bebeji ne ko Kiru, wataƙila ka ɗauka duk ƙasar Kano a shimfiɗe take kamar tabarma, in ka cire Dala da Goron Dutse. Ni ma haka na ɗauka, sai da na kai shekara goma sha biyar sannan gani ya kori ji. Labarin wannan tafiya zan ba ka, kuma zan haɗa da laifin da na yi a cikinta, don ban ga amfanin in ba ka mai daɗin in ɓoye mai ɗacin ba.

Ina da wani baffa, ƙanin mahaifinmu, wanda ya yi lebura a wajen haƙar kuza a Riruwai tun yana saurayi. Da farashin kuza ya faɗi a kasuwar duniya a 1985, aikin ya durƙushe, ya dawo gida ya kama noma. Amma ya bar 'yan shanunsa kiwo a hannun wani Bafulatani amininsa, wanda ke da bukka a saman duwatsun can. Duk shekara in an gama girbi sai Baffa ya kai masa kanwa da gishiri, ya ga lafiyar dabbobin. A wannan shekara ya ce zai tafi da ni in taya shi kaya. Ƙanena, ɗan shekara goma, ya sa kuka sai an je da shi. Da za mu fita Inna ta kama hannunsa ta ɗora a nawa, ta ce, "Ga amana nan. Yadda ka fita da shi haka za ka dawo mini da shi." Na ce, "To, Inna," amma hankalina yana kan mota.

Muka hau mota a Kwanar Dangora, muka bi hanyar Jos, muka wuce Tudun Wada, muka shiga dajin Falgore. Wannan daji tun zamanin Turawa aka keɓe shi, kuma da ana kiransa gandun dajin Kogin Kano ne, domin kogin ta cikinsa ya ratsa. Ya taɓa ƙananan hukumomi uku: Tudun Wada da Doguwa da Sumaila. Muna tafe muna kallon birai a bakin titi, har muka isa Riruwai, hedikwatar Doguwa, muka kwana gidan wani tsohon abokin aikin Baffa.

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya. A gindin dutse Baffa ya tsayar da mu ya ce, "Ku buɗe kunnenku. Na ɗaya, kada wanda ya wuce ni. Na biyu, kada babba ya bar ƙarami a baya. Na uku, ruwan gorarku kurɓa za ku riƙa yi, ba shanyewa ba. In kuma Allah Ya sa ɗayanku ya ɓace, to ya zauna inda yake, kada ya yi ta yawo. Mai nema yana samun na zaune, amma mai yawo ƙara nisa yake." Ƙanena ya maimaita su kamar hadda. Ni kuwa na ce a raina, wannan ɗan dutsen ne ake wa dogon wa'azi?

Hawan ba na rarrafe ba ne, ba a buƙatar igiya ko wani ƙarfe. Turba ce ta shanu da masu itace, tana lanƙwasa tana hawa a hankali, tafiyar kamar awa uku ga mai kaya. Amma dajin ba irin namu ba ne. Mu a gida mun saba da kuka da gawo da tsamiya, ɗaya nan ɗaya can a tsakiyar gona. A can kuwa ruwan sama ya fi yawa, saboda haka itatuwa a cushe suke: doka da maje da kaɗanya da taura, ga maɗaci dogaye a bakin rafi, ga gamba ta fi tsawon mutum. Baffa yana tafe yana gaya mana sunansu da amfaninsu. Rema na leƙowa daga kogon duwatsu, makwarwa na tashi fir daga cikin ciyawa har gabanka ya faɗi.

Muna ƙara hawa iska na ƙara sanyi. Daga baya na karanta dalili: duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6. Birnin Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba, su kuwa duwatsun Riruwai sun haura mita 1,000, kuma nan ne wuri mafi tudu a duk jihar.

Da hantsi ya yi muka iso wani rafi mai ruwa garai-garai. Baffa ya sauke kaya, ya ce mu zauna a kan wani falalen dutse mu jira shi, zai kewaya ya kuma yi alwala. Yana ba da baya na ɗaga kai, sai na hango wani abu can sama mai kama da jinkar ɗaki. Na ce wa ƙanena, "Ga bukkar can! Tashi mu riga Baffa zuwa, ya zo ya tarar da mu muna shan nono." Ya ce, "Yaya, ai Baffa ya ce kada mu wuce shi." Na ce, "To matsoraci, zauna." Na miƙe. Ka san halin ƙarami, bai iya zama shi kaɗai ba, sai ya biyo ni.

Muka bar turba muka yanke ta cikin ciyawa. Ba mu yi nisa ba ya fara haki, silifas ɗinsa kuma ya tsinke. Haushi ya kama ni. Na zaunar da shi a gindin wata doka na ce, "Jira ni nan, yanzu zan dawo." Har yau ina tuna yadda ya dube ni, bai ce komai ba, ya rungume gorarsa.

Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Na yi ta hawa, ina zufa ina shan ruwa, har gora ta ƙare. Da na isa wurin, ashe ba bukka ba ce, wani mulmulallen dutse ne da busasshiyar ciyawa ta rufe kansa. Bayansa kuma ga wani tudun da ya fi shi. Sai na juyo in koma wajen ƙanena. To, a nan ne ido ya raina fata. Doka ce gabas, doka ce yamma, kowace kamar 'yar'uwarta. Ciyawar da na ratsa ta miƙe ta rufe sawuna. Na ƙwala masa kira, sai duwatsu suka dawo mini da muryata ta wani gefe dabam, na ruga can, ba kowa. Na sake kira, na sake gudu. Ƙaya ta yage mini riga, maƙogwaro ya bushe. Ba abin da ke yawo a kaina sai hannun nan da Inna ta ɗora a nawa. Me zan je in ce mata? Na zauna na fashe da kuka, ina roƙon Allah Ya tsare yaron nan ko da ni ba zan fita ba.

Ka lura, mai karatu, gajiya ce ta zaunar da ni, ba hankali ba. Amma zaman nan shi ya cece ni. Rana ta take tsaka sai na ji ana kiran sunana daga ƙasa, a wani gefen da ban taɓa zato ba. Na amsa iya ƙarfina, ban motsa ba. Can sai ga wani saurayi da sanda a kafaɗa, ɗan Bafulatanin ne. Ya miƙo mini ruwa, na ce, "Ƙanena fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ƙaninka ai bai ɓata ba. Kai ne ka ɓata."

Haka kuwa abin yake. Da Baffa ya dawo bai gan mu ba, ya bi karyayyar ciyawa, ya tsinci silifas, ya tarar da yaron zaune daram a inda na bar shi, ruwansa ma ko rabi bai sha ba. Ya goya shi zuwa bukka, sannan suka rarrabu nemana. Ɗan shekara goma ya riƙe doka huɗu, ɗan shekara goma sha biyar ya karya su duka.

Bukkar 'yar ƙarama ce, ta kara da ciyawa, a wani fili tsakanin duwatsu, ga shanu na kiwo kusa da ita. Mai gidan ya shimfiɗa mana agalemi, aka kawo fura da kindirmo a ƙwarya. Ban taɓa shan abin da ya kai wannan daɗi ba, ban kuma taɓa shan abu da kunya irin ta ranar ba. Ina jiran mari, Baffa bai ko ɗaga murya ba. Bayan mun yi azahar ya kira ni gefen dutse ya nuna mini ƙasa: daji shimfiɗe har inda ido ya tsaya, rafuka na ƙyalli a cikinsa. Ya ce rafukan wannan yanki su ke haɗuwa su zama Kogin Kano, shi ne ke cika madatsar ruwa ta Tiga da ke ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, aikin da aka fara zamanin Gwamna Audu Bako. Da ruwan ake noman rani a Kadawa da Kura. Ya ce, "In aka sare itatuwan nan aka yi gawayi, ƙasa za ta zaizaye ta bi ruwa ta je ta cike madatsar. Kowane abu a nan amanar wani ne." Sai ya dube ni ya ƙara da cewa, "Kai kuma taka amanar guda ɗaya ce tak." Wallahi da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ba mu daɗe ba muka juyo, domin Baffa ba ya yarda magariba ta same shi a dutse. Hukuncina shi ne: ƙanena a tsakiya, sanye da takalmina, ni a baya ba takalmi. In ya tsaya in tsaya, in ya zauna in zauna. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ga tsakuwa na zamewa, amma muka iso gari rana ba ta faɗi ba. Da muka koma gida yaron bai ce wa Inna uffan ba. Ni na kasa barci, na je na faɗa mata da bakina. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Tun da ka iya faɗa, na san ba za ka kuma ba."

Da na girma na ji cewa a ƙasar Siwizalan, inda duwatsu ke haura mita 4,000, akwai ƙungiyar masu hawan dutse da aka kafa tun 1863, tana da ɗakuna wajen 150 a kan tsaunuka, inda matafiyi zai huta ya ci abinci. Namu ba su kai nan ba, mafi tsawo a Nijeriya shi ne Chappal Waddi a Jihar Taraba, mita 2,419. Amma ƙaramin dutse ma yana ɓatar da mai gaggawa.

Saboda haka, ɗan'uwa ɗalibi, ban ce kada ka je ba, tafiya mabuɗin ilimi ce. Amma ka nemi izinin iyaye, ka tafi da babba wanda ya san turba. Ku fara gaida mai gari ku tambayi halin da daji ke ciki, domin a shekarun 2010 ɓarayin shanu da masu satar mutane sun addabi yankin Falgore, kuma mutanen wuri su suka fi kowa sanin inda ake shiga da inda ba a shiga. Ku tafi bayan damina, ku fita da sassafe, da takalmi mai rufi da isasshen ruwa, ku sa lokacin juyowa ko kun isa ko ba ku isa ba. Ku kuma iyaye, in kun haɗa babba da ƙarami, ku gaya wa babban a fili cewa tafiyar ƙaramin ita ce tafiyarsa.

Ƙanen nawa yanzu magidanci ne da 'ya'yansa. Har yau in muka fita tare ya ga na fara sauri, sai ya ce, "Yaya, in nemi gindin doka ne?" Ni kuwa sai in rage tafiya.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana.