Kujerar da ta ba ni kunya gaban iyayen yara

Shekaru huɗu ke nan da kwamitin iyayen yara na lakwal ɗinmu ya danƙa mini kuɗin sayen kujeru arba'in. Kuɗin ba na gwamnati ba ne, ba kuma wata ƙungiya ta ba mu ba. Dala-dala aka tara su, daga mai sayar da ƙuli-ƙuli har mai tura amalanke, don mu huta da aron benci duk ranar taro. Ni aka zaɓa saboda ni ke koyar da kimiyya, wai na fi kowa sanin kaya. Na shiga kasuwa a Maraɗi ina jin kaina.

Iri biyu mai shagon ya jera mini. Ɗaya marar nauyi, mai sheƙi, mai tsada. Ɗayar kuma mai kauri da nauyi, kuma jikka ɗaya da rabi ta gaza ta farko. Ya ce, "Mushe, ɗaga ka ji. Wannan har jikanka sai ya zauna a kanta." Na ɗaga, na ji nauyi, zuciyata ta kwanta. Haka muka tashi: turmi mai nauyi shi ne turmi, tukunya mai nauyi ita ce tukunya, zane ma sai an jinjina shi kafin a taya. Na kwaso arba'in, na maido canji, aka yi ta sa mini albarka.

Ba mu da ɗakin ajiya, sai muka riƙa jibge su bayan ofishin darakta, rana ta buga, ruwa ya buga. Bazara ta farko ta wuce, launinsu ya koɗe. Daga baya duk wanda ya zauna sai ya tashi da farin gari a bayan riga. Ban kula ba. A bazara ta biyu, cikin watan Mayu, muna tsakiyar taro, wani dattijo da ke riƙon jikoki uku a lakwal ɗin ya ja kujera ya zauna. Ƙafar baya ba ta lanƙwashe ba, karyewa ta yi ƙas, kamar busasshen karan dawa. Ya faɗi a kan hannunsa, wuyan hannun ya gurɗe. Na ruga na ɗaga shi ina ba shi haƙuri. Ya ce, "Ba komai, Mushe, tsufa ne ya gamu da tsufa." Amma kujerar ba ta cika shekara biyu ba. Daga bayan taro kuma na ji wata murya tana cewa ashe shi ya sa aka samu canji. Wannan maganar ta fi faɗuwar ciwo a wurina. Na ɗauki karyayyar ƙafar na tafi da ita gida.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, dalilin karyewar yana cikin darasin da nake koyarwa, ban dai taɓa haɗa shi da kasuwa ba.

Roba, a asalinta, dogayen sarƙoƙi ne ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, sun cukurkuɗe da juna. Tsawonsu da cukurkuɗewarsu su ne ƙarfinta. Wadda ake yin yawancin kujeru da ita sunanta folifurofilen, ita ce ake rubuta wa PP ko lamba 5 cikin ƙaramin alwatika a ƙarƙashin kaya. Tana da kyau, tana jure zafi, tana lanƙwasuwa ba ta karye ba. Rauninta guda ne babba: rana. Cikin hasken rana akwai wani sashe da ba mu gani, ana kiran shi UV, mai ƙarfin da zai tayar da ɓarna a cikin sarƙar. Guntun da ya tsinke kuwa ba ya zama lafiya, sai ya kamo iskar oksijin ya afka wa maƙwabcinsa, shi ma ya afka wa na gaba, kamar gobarar da ta kama zana. Ƙuna ce ta gaske, sai dai ba harshen wuta ba hayaƙi, kuma a hankali take ci. Zafi yana ƙara mata gudu. Muna koya wa yara cewa a ƙiyasi, duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin irin wannan aiki, ga shi mu a Afrilu da Mayu ko a inuwa muna wuce digiri 40. Duk manomin da ya taɓa barin buhun taki ko na hatsi a kan rufin ɗaki ya san ƙarshen labarin: in ya je ɗauka sai buhun ya marmashe a hannunsa. Robar buhun da ta kujera dangi ɗaya ne.

To me ya sa wata kujerar take shekara goma a tsakar gida? Saboda ba a sayar da roba zallanta. Majemi ya san fata ba ta zama kirgi sai da bagaruwa, in ba haka ba ruɓewa za ta yi ko ta bushe ta ƙandare. Haka masu masana'anta ke zuba wa roba mahaɗi tun tana narke. Akwai wanda ke kare ta daga zafin injin da zai zuba ta cikin ma'auni, domin tun a can ƙunar take farawa. Akwai wanda ke shanye hasken UV ya mai da shi ɗumi marar lahani kafin ya taɓa sarƙa. Akwai kuma wanda ake kira HALS, wanda aikinsa farautar waɗannan tsinkakkun guntaye, ya kashe su kafin su yaɗa wutar. Duka waɗannan in an haɗa, sau da yawa ba su kai kashi 1 cikin 100 na nauyin kujera ba. Kamar kanwa a miyar kuɓewa ne, ɗan ƙiris, amma ita ke gyara tukunyar. Sai dai kilonsu ya fi kilon robar tsada nesa ba kusa ba, kuma ba su da launi, ba su da nauyin da hannu zai ji. Ranar kasuwa, kujerar da aka zuba wa da wadda aka hana duk sheƙi ɗaya suke yi. In mai masana'anta yana neman inda zai rage kuɗi ba tare da an gane ba, nan ne wuri na farko.

Saura nauyin da ya ruɗe ni. Wannan a aji muka gano shi, ni da ɗalibaina. Folifurofilen zalla ta fi ruwa rashin nauyi, in ka jefa ta a ruwa yawo take a sama. Na cika kwalba da ruwa, na jefa marfin wata robar abinci mai lamba 5, ya tsaya a sama. Na jefa ɓallin ƙafar kujerarmu, ya nutse har ƙasa kamar tsakuwa. Aji ya yi tsit, sai wata yarinya ta ce, "Mushe, ashe dutse kuka sayo." Gaskiya ta faɗa. Ana niƙa farin dutse, irin wanda ake yin siminti da shi a Malbaza, ya koma gari mai laushi, a gauraya da roba. Nauyinsa ya kusa ninka na robar sau uku, kuɗinsa kuwa bai kama ƙafar nata ba. Muka yi lissafi a allo: sai garin ya kai wajen kashi ɗaya cikin bakwai na nauyin kafin ɓallin ya fara nutsewa. Namu bai ko yi shawara ba.

Kada in yi wa garin nan sharri. Daidai gwargwado yana da amfani, yana sa kujera ta tsaya ƙyam ba ta lotsa da zafi, kuma kujeru masu kyau ma suna ɗauke da shi. In ya yi yawa ne sarƙoƙin suke rasa inda za su riƙe juna, sai kaya su yi tauri amma su rasa juriya. Wani ƙanena da ke aiki a masana'antar roba a Kano ya ƙara mini da abu na uku: tsohuwar roba da ƴan jari-bola ke tarowa, a niƙa a sake narkarwa. Ba laifi ba ne, sana'a ce da ke ciyar da gidaje kuma tana rage shara. Amma ita wannan robar ta riga ta sha ranarta, sarƙoƙinta sun gajarce, maganin da ke cikinta ya ƙare da aiki. In ba a sabunta mata mahaɗi ba, kujerar da aka yi da ita tsohuwa ce tun ranar haihuwa. Ashe dattijon nan bai yi kuskure ba.

Tun daga lokacin na koma kallon kayan gidana da wani ido. Tankin ruwa baƙi da baƙin tiyon da masu lambu ke shimfiɗawa a rana, ba don ado aka yi su baƙaƙe ba. Wani baƙin gari ne mai kama da kunkunniya ake zubawa, kashi 2 zuwa 3 cikin 100, yana tare hasken tun daga fatar sama. Yana cikin mafi arha kuma mafi ƙarfin kariya da aka sani, shi ne kuma ya sa tayar mota take baƙa. Shi kuwa bidon mai ruwan ɗorawa da yaranmu ke ɗebo ruwa da shi, don ya kawo man girki daga masana'anta zuwa shago aka yi shi, ba don ya shekara uku a bayan jaki ba. In ya tsage daga kafaɗa, kafin a daki yaro a ce shi ya yar, a duba ko launin ya koɗe.

Akwai ɗaya gefen, wanda ya fi kujera damuna a matsayina na uba. Yawancin mahaɗan nan ba a ɗaure suke da sarƙar ba, zaune kawai suke a tsakani, don haka suna iya tsattsafowa waje. Wani lokacin ma da gangan ake so: sangen sauro irin Olyset, maganin sauron cikin zaren robar aka dama shi, yana fitowa sama kaɗan-kaɗan tsawon shekaru. Amma robar da ake kira PVC, mai lamba 3, ita asalinta tauri gare ta kamar bututun famfo. Don ta yi laushi ta zama tiyon ban ruwa, ko takalmi, ko ƴar tsanar da jariri ke tsotsa, sai an shayar da ita wani mai, kamar yadda ake shafa wa fata mai ta yi taushi, kuma yakan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyinta. Tiyon da ya ƙandare bayan shekara biyu, man nan ne ya fice. Tambayar ita ce ina ya tafi. Wasu daga cikin irin wannan mai, waɗanda ake kira fitalat, an same su da taɓa sinadaran jiki masu kula da girma da haihuwa, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana su cikin kayan wasan da ƙananan yara ke sa wa a baki tun 1999, ta mai da hanin na dindindin a 2005. Ita PVC ɗin kuma, da gishirin dalma aka daɗe ana kare ta daga zafin inji. Masana'antun Turai sun gama barin wannan a ƙarshen 2015. Kayan wasan da ke zube a tire a ƙofar lakwal kuwa, ba suna ba lamba, ba mai iya gaya maka da me aka haɗa su.

Ba na son in tsorata kowa, kuma ba zan ce a zubar da duk robar gida ba, wa ke da halin haka? Abin da na sani shi ne zafi da maiƙo su ke gaggauta tsattsafowar nan. Don haka a gidana na tsaya kan abubuwa kaɗan. Kunu mai zafi da miya ba su shiga baƙar leda, domin baƙin da ke kare tanki daga rana shi ne kuma launin da ya fi iya ɓoye tarkacen da aka narkar, har da ɓawon tsofaffin rediyo da talabijin masu ɗauke da maganin hana kama wuta. Abincin yara yana tafiya lakwal cikin kwanon silba ko roba mai lamba 5. Abin wasa mai laushi da ke warin sabuwar leda, mai rarrafe ba ya samunsa. Uwargida ta ce na cika fi'ili, amma ta bi.

Taron kwamiti na gaba, na je da kwalbar ruwa da ɓallin kujera. Na ce musu kuɗinsu ban ci ba, amma na yi abin da ya kusa kai wannan muni, na sayi abin da ban sani ba ina nuna na sani. Na jefa ɓallin, suka ga ya nutse. Na kuma gaya musu gaskiya cewa wannan gwajin dutse kawai yake tonawa, ba ya nuna ko an zuba maganin rana, kuma ba wata dabara da mai saye zai gane hakan a tsaye cikin shago. Abin da ke hannunmu shi ne mu nemi wadda ke da sunan masana'anta da lamba a ƙarƙashinta, mu danna bayanta mu ga tana lanƙwasawa tana dawowa, mu tambayi masu ba da hayar kujerun biki wace iri ce ke daɗe musu, tunda su da aljihunsu suka yi karatun. Sannan, kowace iri muka saya, kada ta sake kwana a rana.

Aka yi ta muhawara, wasu na cewa a koma benci na katako, wasu na cewa gara ta fi rana ɓarna. A ƙarshe aka yarda a fara da rumfa ta kwano a bayan ofis, kujeru kuma a riƙa sayen goma-goma, a ga yadda suka ci bazara kafin a ƙara. Wannan karon mutum uku aka tura kasuwa, ni ne na ukun, kuma ba ni ke riƙe da kuɗin ba.

Goman farko suna nan, sun ga bazara biyu, launinsu bai gushe ba. Dattijon hannunsa ya warke, yana zuwa kowane taro. Na sha ja masa sabuwar kujera in ce, "Baba, bismilla, wannan na gwada ta da kaina." Sai ya yi murmushi ya ce, "Na gode, Mushe," ya kwance buzun da ya riƙa zuwa da shi a hammata, ya shimfiɗa a ƙasa.