Daga Garu Zuwa Dutsen Habude: Wa Zai Riƙe Kayan Tarihi Idan Tallafi Ya Ƙare?

Wanda ya taso daga Kano ta Wudil, ya karya a Kwanar Huguma ya nufi Dutse, duwatsu ne za su fara yi masa maraba kafin gidaje, manya-manya a jingine da juna, da itatuwan dabino a gindinsu. Na bi wannan hanya ina juya wata magana da ake yawan ji a bakin matasa masu kishin garuruwansu: a rubuta takarda a nemo tallafi daga waje a gyara wuraren tarihi. Niyyar ba ta da aibi, amma abin da na gani tsakanin Dutse da Birnin Kudu ya ƙara min yaƙini cewa ana faro lissafin daga inda bai dace ba. Kafin a tambayi nawa za a samu, ya kamata a san wa zai ci gaba da kula da wurin ranar da kuɗin ya ƙare.

Na fara da Garu, tsohuwar unguwar sarauta da ke cikin duwatsu. Tun da aka ƙirƙiri Jigawa a 1991 Dutse ta zama babban birnin jiha, sabon gari ya bazu a fili da sakatariya da gidajen ma'aikata, daga baya jami'ar tarayya ta zo a 2011. Duk da haka Garu ba ta zama kango ba. Fadar tana nan da zane-zanenta masu launi, kuma dalilin a bayyane yake: ana amfani da ita. Ana zaman fada, ana hawan salla, akwai masu shara da dogarai, akwai wanda za a tuhuma idan bango ya tsage. Da marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi ya rasu a 2023, ɗansa Hamim ya gaje shi, kulawar ta wuce hannu zuwa hannu ba tare da an cike fom ɗin kowa ba.

A Birnin Kudu labarin ya sha bamban. Can ne ake da Dutsen Habude da Dutsen Mesa, inda mutanen dauri suka zana shanu a jikin dutse, wasunsu masu dogayen ƙaho marasa tozo, ba irin waɗanda makiyaya ke kora a yau ba. Akwai kuma duwatsun da idan an ƙwanƙwasa su suke amsawa da amo kamar na kuge. Bernard Fagg, Baturen da sunansa ya haɗu da binciken kayan Nok, ya yi rubutu a kansu tun shekarun 1950, kuma gwamnatin tarayya ta sa su cikin wuraren tarihi na ƙasa, ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi. A takarda ke nan sun fi Garu gata. Sai dai zane a jikin dutse ba ya da fadawa. Abokan gabarsa ruwan sama ne, da hayaƙi, da yaro mai gawayi da ke son rubuta sunansa, da mai fasa dutse da ke neman abin kai wa gida. Babu ɗaya daga cikinsu da ake korewa sau ɗaya a huta.

Nan ne ya kamata mai neman tallafi ya karanta sharuɗɗa da idon basira. Asusun jakadun Amurka na adana kayan al'adu, wanda aka kafa a 2001, ya taɓa tallafa wa aikin tattara bayanai kan zanen duwatsun Jigawa da sassaƙaƙƙun duwatsun Kuros Riba. Irin wannan asusu yana biyan kuɗin bincike, ɗaukar hoto, gyara da horarwa, amma ba ya gina sabon gini, ba ya ɗaukar kuɗin gudanarwar yau da gobe. Shirin ceto takardu na Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya, wanda ya fara a 2004 kuma ya yi ayyuka a arewacin Nijeriya, shi ma haka yake: a ɗauki hoton rubuce-rubucen, a bar na asali a ƙasarsu. Wato bayan an rufe aikin, gara da ɗigar damina suna nan suna jiran littattafan malam a cikin adaka. Ba laifin masu bayarwa ba ne, sun faɗa tun farko. Mu ne muke mantawa cewa zanen aro ba ya rufe katara.

Ga kuma wahalar takardu. Ƙungiya sai ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni a matsayin mai amintattu, ta buɗe asusun banki da sunanta, ta samo izinin hukumar gidajen tarihi idan wurin na tarayya ne, ta rubuta kasafi dalla-dalla. Kasafin ma ba ya zama wuri ɗaya, domin bayan an saki naira a 2023, dalar da ake lissafawa ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin shekara guda.

Za a ce min, a jihar da ake fama da ambaliya da yaran da ba sa zuwa makaranta, wa ke da rarar kuɗin gadin dutse? Ai shi ya sa ake neman na waje. Hujjar tana da nauyi, amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Abin da ke da tsada shi ne kayan aiki da ƙwararru, kuma shi ne tallafi ke ɗauka. Abin da ke da arha shi ne mai gadi, mai shara, da malamin makaranta da zai riƙa kawo ɗalibai, kuma wannan bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da masarauta ba. Bayan yadda Amurka ta zaftare tallafinta na ƙasashen waje a 2025, jingina albashin mai gadi a kan wata ƙasa ganganci ne. Wasu kuma za su ce zane-zanen nan na zamanin jahiliyya ne, me Musulmi zai yi da su? Ba a ce a girmama su don ibada ba. Shaida ne cewa an yi kiwo da zama a wannan ƙasa tun kafin a fara rubuta tarihinta, kuma malamanmu ba su taɓa ƙin duba alamun mutanen farko don ɗaukar darasi ba. Amma wannan bayani daga bakin limamin gari ya kamata ya fito, kafin baƙo ya iso da kyamara.

Mai fasa dutse ne ya fi tsaya min a rai a hanyar komawa, domin shi ba gardama yake yi ba, sana'a yake yi, kuma garin Dutse da ke ta gine-gine shi ke sayen tsakuwarsa. Takardar neman tallafin da ba ta ambace shi ba ta bar babban giɓi. Ya kamata a zauna da shugabannin masu fasa dutse, da hakimi, da mai unguwa, da jami'in hukumar gidajen tarihi, a shata inda guduma ba za ta taɓa ba, a nuna inda za ta koma, a rubuta sunan ofishin da zai biya mai gadi a shekara ta uku da ta biyar. Wannan yarjejeniya, da sa hannun kowa, ita ce ya kamata ta zama shafin farko na abin da za a aika wa masu bayar da tallafi, kasafin kuɗi ya biyo baya.