Kwalbar Baba Makaniki

Mutanen Kano da Katsina in suka ce "'yar Kwatano", mota mai sheƙi suke nufi, wadda ta sauko daga jirgin ruwa aka jera ta a filayen Sekandji. Mu mazauna Zangon Kwatano kuwa, abin da masu saye suka tsallake shi muke hawa. Tawa Golf 2 ce ƙirar 1989, mai ƙofa a baya. Na kan kwantar da kujerun baya in loda dilar gwanjo daga Missebo, ko atamfa daga Dantokpa, in kai wa masu shaguna. Da ita nake ci da iyali.

A daminar 2023 ta fara yi mini wani ciwo. Da safe muƙulli ɗaya za ta tashi lafiya lau. Sai na yi tafiyar minti goma sha biyar ko ashirin, ta fara shaƙewa, in taka totur ta ƙi amsawa, ta mutu. In na jira kaɗan sai ta tashi kamar ba ita ba. Rannan a kan tsohuwar gada ta yi mini haka, 'yan zemijan masu rigar ruwan ɗorawa suka kewaye ni da hon, har da masu zagi cikin harshen Fon.

Garejin farko aka ce buji ne, wato abin da 'yan Najeriya ke kira filogi. Na saya. Na biyu aka ce koyil ne. Na saya. Na uku ya canza batir, da abin ya ƙi sai ya ce injin ne ya gaji, in kawo jaka ɗari biyu ya sauke mini wani. Kuɗin da ke hannuna daidai wannan adadi na kayan ɗakin 'yata ne, bikinta saura wata biyu. Na kwana uku ina jujjuya maganar: in na taɓa kuɗin na shiga kunya, in na bar motar ba abin da zai shigo gida.

Bayan La'asar a babban masallacin Zango wani maƙwabcina ya ja ni wurin wani dattijo da kowa ke kira Baba. Mutumin Maraɗi ne, ya tsufa a kan Peugeot 504 da 205. Garejinsa inuwar bishiya ce da akwatin sifana. Bai buɗe bonet ba sai da ya zaunar da ni.

"Ɗana, da sanyi take mutuwa ko sai ta yi tafiya?"

"Sai ta yi tafiya, Baba."

"Allurar zafi tana hawa? Hayaƙinta wane launi? Ina kake shan mai?"

Nan na yi shiru. Kamar yawancin mutanen garin nan, kpayo nake sha, fetur ɗin da ake tsallakowa da shi daga Najeriya a sayar cikin manyan kwalabe a bakin titi. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya a watan Mayun 2023 farashinsa ya yi tsalle, ni kuma na koma bin duk inda na ji ragi, ina zuba lita biyu ko uku, tanki kullum a ƙasa.

Baba ya ce injin fetur abu uku yake nema kafin a zargi cikinsa: wuta, mai, iska. Ya cire buji ɗaya, ya jingina shi da jikin inji, ya ce in murza. Tartsatsi shuɗi ya fito, wuta lafiya. Ya buɗe murfin baƙin mai ya duba, babu farin kumfa mai kama da madara, lagireto ba ya cin ruwa, ke nan gasket bai ƙone ba. Ya sa na tayar ya tsaya a bayan salansa. Ya ce shuɗin hayaƙi inji ne ke shan baƙin mai, fari mai kauri da ba ya ɗaukewa ruwa ne ke shiga, baƙi kuma fetur ne ya yi yawa. Tawa ba ko ɗaya.

Sannan ya zare tiyon da ke kai mai kafireta, ya sa bakinsa cikin kwalba, na murza muƙulli. Ya ajiye kwalbar a rana muka zuba mata ido. Fetur ya taso sama, ruwa ya kwanta a ƙasa da jan gari kamar na bulo. Ya ce tsatsa ce da ruwa suka taru a tanki: ga ruwan da ke biyo man bakin titi, ga raɓar iskar teku da ke taruwa a tankin da ba ya cika. In mota na tafiya dattin ya taso ya toshe matatar mai, inji ya ji yunwa ya mutu. In ta huta ya kwanta, hanya ta buɗe.

Yaransa suka sauke tanki suka wanke, aka sa sabuwar matata, aka hure kafireta. Duka jaka tara na kashe. Na ƙara masa biyu, ya mayar mini da ɗaya.

"Waɗancan ba lallai macuta ba ne," in ji shi. "Ba su tambaye ka ba, kai ma ba ka faɗa ba. Mai mota shi ke kwana da ita. In ka zo ka ce 'ta lalace' kawai, sai a yi ta canza kaya da kuɗinka har a dace."

Na ji kunya, don na san da an tambaye ni tun farko ma da wuya in ambaci kpayo. Na fi son a ce laifin injin Bajamushe ne da a ce rowata ce.

An yi biki, kayan ɗaki sun cika, a cikin Golf ɗin ma aka kai wasu. Yanzu ina da ɗan littafi a motar, ina rubuta ranar juyen baƙin mai da duk sabon ƙaran da na ji, da lokacin da yake zuwa. In dole ta sa na sha man kwalba, sai an tace mini da kyalle. Kwalbar Baba kuwa tana kan taga a shagona, ruwan da tsatsar na kwance a ƙasa. Duk wanda ya zo mini da kukan an ce injinsa ya mutu, ita nake fara nuna masa, sannan in tambaye shi: da sanyi take mutuwa, ko sai ta yi tafiya?