Na'ura Ba Ta Iso Ba, Barci Ya Riga Ya Tafi

Mai karatu, in ka kalli Enthiran, fim ɗin Rajinikanth na 2010 da aka fi sani da Robot, ka san inda darakta Shankar ya ajiye abin tsoron sa: mutum-mutumin nan Chitti ya kangare, ya hayayyafa, ya na ragargaza motocin 'yan sanda. Ni dai wannan bai taɓa ɗaga mani hankali ba. Tsoron na'ura da na ke gani a idon mutanen industiri ba shi da ƙara. Ƙarfe biyu ne na dare, mutum ya na juyi a katifa, ya na lissafin ko baɗi war haka akwai mai neman sa.

Dubi abin da ya faru a Amurka a 2023. Marubutan fim na Holiwud sun yi yajin aiki na kwana 148, daga Mayu zuwa Satumba. 'Yan wasa su ka bi sahu a Yuli, su ka yi kwana 118. Maganar kuɗi na ciki, amma abin da ya fi ɗaukar zafi shi ne ƙirƙirarriyar basira, wato AI. Marubuci ya na gudun kwamfuta ta tsara labari, shi kuma a kira shi gyara a kan rabin kuɗi. Ƙananan 'yan wasa, irin masu cika gidan biki a bayan jarumi, su na gudun a ɗauki surar su rana ɗaya, a ba su kuɗin wuni, a ci gaba da amfani da ita ba su nan. Sun samu sharuɗɗan kariya a yarjejeniyar da aka cimma. To, amma ai takarda ba ta kwantar da mutum.

Wannan ba hasashe na ba ne. A 2022 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu sun fitar da nazari a kan ma'aikata sama da 40,000, su ka gano cewa waɗanda su ka fi fargabar na'ura za ta karɓe aikin su, su ne su ka fi fama da matsalar barci. Lura fa, ba korarru ake nufi ba. Mutane ne da aikin su ke hannun su, albashi na shiga.

Dalilin ba boyayye ba ne. Jikin ɗan'adam bai iya bambance tsoron kura da tsoron takardar sallama ba. Duk biyun su na tayar da sinadarin kotizol, wanda ya kamata a ce ya yi ƙasa da daddare. Kura dai ta kan wuce. Jita-jitar "an ce za a rage ma'aikata" kuwa ba ta da ranar ƙarewa, kullum sai ta biyo ka shimfiɗa.

Nan gida ma abin ya fara taɓa mu. Ina da aboki mai zana bangon littattafan soyayya da fostar fim, sana'ar da ya aurar da ƙannen sa biyu da ita. Yanzu marubuciya na iya haɗa bango a wayar ta cikin minti biyar. Ko da jarumar ta fito da yatsa shida, ba ruwan ta, kyauta ne. Har yau ya na samun aiki, amma ya ce da ni, "Malam, wallahi rabo na da barcin kirki tun kafin azumi." Da ya kwanta sai ya jawo waya ya na duba sabuwar manhajar da ta fito, hasken wayar kuma ya ƙara kore ɗan barcin da ya rage. Haka masu tace hoto, haka masu sa murya a fassarar fina-finan Indiya, kowa da nasa lissafin.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne yadda abin ke cin kan sa. Likitoci sun ce baligi na buƙatar aƙalla awa 7. Mai tace fim da ya yi awa 3 zai bar murya ta saɓa da motsin baki, zai manta da fitowa guda, mu 'yan sharhi mu yi masa kaca-kaca a wannan shafi. Furodusa ya karanta, ya ce ai gara ma kwamfutar. Makon jiya abokin nan nawa ya rubuta sunan marubuciya ba daidai ba a bango, sai da aka buga kwafi 500 kafin wani ya lura.