Faifan da Ya Girme Mu

Ana gobe jarrabawa, wani abokinmu ya kunna mana The Dark Side of the Moon a ɗakin kwana. Faifan ƙungiyar Pink Floyd ne ta Ingila, na 1973. Muka tuntsire da dariya: me ya haɗa mu da kiɗan zamanin kakanninmu?

Ya ce a gida Birtaniya faifan a na biyu ya tsaya, amma a Amurka ya hau na ɗaya, ya shafe makonni 741 a jadawalin Billboard zuwa 1988.

Da agogai suka kaure da ƙara a farkon waƙar "Time", sai muka yi tsit. Gudun lokaci, neman kuɗi, tsoron mutuwa: abin da ya kama Amurkawa ke nan, mu ma shi ke hana mu barci. Kowa ya jawo littafinsa.