Baƙin Lalle Ya Kai Ni Gaban Likita

Cikin dare nake wannan rubutu, barci ya ƙi zuwa. Gobe da sassafe zan ga likitan fata karo na farko, ga shi saura wata biyu bikina.

A bikin ƙawata abin ya faro. Aka zana mana baƙin lalle, wato dayis, har gwiwar hannu. Bayan 'yan kwanaki sai ƙaiƙayi, sai kumburi, ƙuraje masu ruwa suka bi sawun zanen sak, fure-fure. Gwaggo ta ce baki ne, aka yi ta hayaƙi. Da Sallah na sake yi, wallahi washegari ya dawo fiye da na farko.

Antina ma'aikaciyar jinya ce. Da ta ga hannun sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ke 'yar nan, lallen gaskiya ja ne. Wannan baƙin akwai sinadarin rinin gashi a cikinsa, PPD, kuma in jiki ya ƙi shi sau ɗaya, to ya ƙi ke nan."

Ita ta shirya ni. Ta sa na rubuta ranar da abin ya fara, da abin da na shafa, da magungunan da na sha, har Piriton, na kuma nemo hotunan hannun lokacin da yake ɗanye. Ta ce mai yiwuwa a manna mini 'yan faci a baya, kowanne da ɗigon sinadari, su yi awa 48 kafin a cire, a sake dubawa bayan kwana ɗaya ko biyu. Ba a son ruwa ko gumi ya taɓa wurin, shi ya sa na ƙirga kwanakina don kada ya faɗo lokacin wankan tsarki.

Sai ta ce in zuba duk abin da nake shafawa a jaka. Nan gabana ya faɗi. Akwai man ƙarin haske da nake ɓoyewa a ƙasan akwati, ko Umma ba ta sani ba, kuma da ita za mu je. Sau uku ina sa shi ina cirewa. Amma Anti ta ce wasu mayukan bilicin suna da sinadarin da ke danne borin fata, gwaji ya fito lafiya alhali ba lafiya. In na ɓoye, wa na cuta?

Ɗazu bayan isha'i na kai wa Umma kwalbar da hannuna. Ta daɗe tana kallona, ta ce, "Sa a jakar. Faɗa sai mun dawo."

Ranar ƙunshina, in Allah Ya kai mu, jan lalle zan yi irin na kakata. Ku sa ni a addu'a.